Ranar da Delbert Ya Sa Aka Jefa Ƙwallo

Duk garin Pruitt Wells babu wanda bai san muryar mijin yayata ba. Delbert Hruska ke nan, mai shagon abincin dabbobi na bayan layin dogo, wanda iyakar ƙwallon da ya buga a duniya ita ce riƙe wa 'yan wasa tawul a sakandare. Shi dai ya ce gwiwa ce ta hana shi shahara. Ni Verna na shekara ashirin da wani abu ina zama a bayansa a filin kwalejinmu, ban taɓa ganin gwiwar nan ta hana shi miƙewa ya tare mini wasa ba.

Abokin gabarsa ɗaya ne a duniya, Koci Ostrander, mai zaɓar wa ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka, wanda ake ɗauka da hannu, irin harin da za ta kai. Shi Ostrander abin da ya yarda da shi ɗaya ne: a danƙa wa wani gajeren ƙato ƙwallo, ya sunkuyar da kai ya kutsa ta tsakiya, a ci yadi uku ko huɗu, a tashi a sake. Ga mu kuwa da mai jifa, Emory Tubbs, mai hannu kamar majaujawa. Kowace Asabar sai Delbert ya miƙe, wuya ya yi jajir, yana cewa a jefa. Gaskiya ba shi kaɗai ba ne, dukkanmu haka muke. In an jefa ya faɗi ƙasa mu ce wane wawa ne ya hana a gudu da shi, in an gudu da shi mu ce an mai da mu zamanin kakanni. Bambancin kawai shi ne mu muna komawa gida mu manta, shi kuwa har Laraba yana zana wa mai sayen dusa dabarun hari a jikin buhu.

Kujerar da yake wannan ihu a kai ba tasa ba ce. Kujeru biyu ne a sahu na uku, daidai tsakiyar fili, babanmu ya riƙe su tun ana zama a kan katako, da ya rasu suka koma sunan yayata Lorene. Ni aka bar ni da ta baya, mai ginshiƙi a gefe. Bara da Delbert ya yi jifa da kofin lemo ya sami shugaban 'yan badujala a ƙeya, Lorene ta gaya masa a gabana cewa in ya sake kunyata ta sau ɗaya a filin nan, kujerar ta zama ta Verna. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son kujerar nan. Tun ranar nake yi wa Delbert fatan ƙoshin lafiya da ƙarfin murya.

Makon da za mu kara da kwalejin Dunmore, wadda muke takarar tsohuwar garmar tagulla da ita tun kafin a haife ni, aka yi hirar rediyo ta ranar Alhamis a gidan gashin nama na Ledbetter kamar yadda aka saba. Koci yana zaune gaban makirufo da farantin gasasshen naman ƙirjin saniya, jama'a suna tambaya. Delbert ya karɓe makirufo tun bai zo kansa ba.

"Koci, tambayata ɗaya ce. An taɓa gaya maka doka ta halatta jifa kuwa?"

"Na ji ana raɗe-raɗi, Mista Hruska."

"To me ya sa kullum tsakiya? Kakata tana kabari, amma ko ita ta san abin da za ka kira ranar Asabar."

Koci ya tsoma nama a miya, ya ce, "To mu gode Allah ba ita ke tsaron bayan Dunmore ba."

Gidan ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce ai wasa ɗaya kacal muka rasa bana. Delbert ya juya ya ce masa ci da babu daɗin kallo ai ɗan'uwan faɗuwa ne, shi da za a ba shi ragamar nan rabin wasa kawai, da allon maki ya ƙone don aiki.

"In na ji zazzaɓi zan aiko," in ji Koci. "Akwai mai tambaya kan ƙwallo?"

Delbert ya ja mota, ni da Lorene a ciki, muka kama hanya. Sai da muka kai ƙofar gida ya bugi sitiyari ya ce ya gano cutar. "Shirun nan ne ya lalata mu."

Ko jaririn Pruitt Wells ya san abin da yake nufi. In ƙwallo yana hannun baƙi, mu yi ta ihu har maƙogwaro ya tsage, don kada su ji junansu. In yana hannun namu, mu yi tsit kamar ana wa'azi. Ƙartin da ke durƙushe a sahun gaba sun ba wa mai jifa baya, muryarsa kawai suke jira, wanda duk ya motsa kafin ta fito alƙalin wasa ya wurga ƙyallen rawaya a mai da mu baya yadi biyar. Haka iyayenmu suka koya mana tun muna kan cinya.

"Mun yi shiru, shi kuma ya ɗauka mun yarda," in ji Delbert. "Ranar da fili ya buɗe baki gaba ɗaya ya ce a jefa, ai dole ya jefa."

Lorene ta ce, "Del, ka tuna maganar kujera."

"Ranar Asabar da kanki za ki ce a kafa mini gunki kusa da ita."

Na ce, "Yaya Delbert, ni dai ina bayanka." Kuma gaskiya na faɗa, can nake zama.

Washegari ya kafa abin da ya kira Kwamitin Jifa. Mambobinsa masu zaman benci ne na ƙofar shagonsa, mataimakinsa kuma tsoho Wendell Pickett, wanda ya yi ritaya daga kai wasiƙu da kunne ɗaya, shi ma ɗayan sai an matso. Delbert ya kwaso duk ƙararrawar shanu da ke shago, kwali uku, ya tara mutanensa a filin bayan gidansa don gwaji. Dokar mai sauƙi ce: in ya ɗaga malafarsa sama, a kaɗa, a ce jefa. In ya sauke, a tsaya.

Ya ɗaga malafa, suka kaɗa. Abin da ya manta shi ne maƙwabciyarsu Misis Odom da irin wannan ƙararrawar take kiran shanunta cin abinci, shi da kansa ya sayar mata. Ina tsaye a tagar kicin tare da Lorene muka ga shinge ya kwanta. Shanu suka shigo a guje da yunwarsu, suka bi ta kan tumatirin Lorene, suka yi gaba da igiyar shanya, wani bijimi ya ɗauki zanin gado a ƙaho. Kwamiti ya watse, wasu kan a-kori-kura, wasu kan rumbun masara. Delbert ya sauke malafa yana cewa a tsaya, amma Wendell ya ba shi baya, idonsa a rufe, yana ta kaɗawa da hannu biyu. Shanun suka kewaye shi suna jira ya zuba musu.

Gangar gashin nama ce ta ƙarshe da suka kifar. Naman ƙirjin saniyar da Delbert ya sa wa hayaƙi tun safe don ranar wasa ya ƙare a cikin taɓo, karen Misis Odom ya yi masa rakiya.

Ita kuma ta iso da sandarta, ta tsaya kan shingen da ya faɗi. "Delbert Hruska, wa ya mutu?"

"Babu kowa, Misis Odom. Aikin kwaleji muke yi."

"Kwalejin ce ta ce ka kira mini shanu?"

"Shanunki ne ba su da tarbiyya."

"Sun fi ka. Su in an daina kaɗawa suna komawa gida."

Kowane mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa da laka kaca-kaca a wando ya shigo kicin yana murmushi, ya ce mu dubi ƙarfin abin. In dabba da ba ta san ƙwallo ba ta amsa, ina ga Ostrander? Lorene ta dubi tumatirinta ta taga, ta ɗauko tikitin shekara na kujerar daga saman firji ta saka a jakarta.

Asabar tun hantsi wurin ajiye motoci ya cika, kowa ya sauke ƙofar bayan motarsa ya kafa gashi. Tunda Delbert ba shi da naman rabawa, sai ya raba ƙararrawa. Rabin kwamitinsa sun ce matansu sun hana su, don haka ya nufi wajen ɗalibai, waɗanda tun safe suke shan giya, ko ƙusa ka ba su kyauta za su karɓa. Ya hau bayan mota ya yi musu lacca kan malafa. Suka yi masa tafi, wani ya tambaye shi ko shi ne sabon shugaban kwaleji. Bai musa ba.

An hana shiga da ƙararrawa, don haka kowa ya ɓoye tasa. Ɗalibai suka cusa wa tasu safa suka wuce lafiya. Delbert ya ce shi ba ya buƙatar dabarar yara, ya zura biyu cikin dogayen takalmansa, ɗaya cikin wando. Yana taku ɗaya sai ƙwal, ƙwal. Mai tsaron ƙofa ya dube shi sama da ƙasa.

"Mista Hruska, me ke ƙara?"

"Gwiwata ce. Ƙarfe likita ya sa mini."

"Duka biyun?"

"Ciwon ya yaɗu."

Mutumin ya gaji da shi tun shekarun baya, ya matsa masa. Da fasto ya zo addu'ar buɗe wasa, fili ya yi tsit, kowa ya cire hula ya sunkuyar da kai. Ƙuda ya sauka a wuyan Delbert, ya girgiza. Mutanen sahu uku suka waiwayo suna neman saniyar. Lorene ta rufe fuska da takardar jerin 'yan wasa, kunnuwanta sun yi ja.

Sai kuma abin haushi ya same shi: wasa ya yi daɗi. Dunmore suna ci muna ramawa, gajeren ƙaton nan yana ta kutsawa tsakiya yana jan mutum uku a baya. Sau biyu Delbert ya kai hannu ga malafa, Lorene ta danne masa gwiwar hannu ba tare da ta dube shi ba. Ya ce mata ai lokaci yake jira, babban janar ba ya ɓata harsashi.

Lokacin ya zo ana dab da tashi. Dunmore suna gabanmu da maki huɗu, mu kuma mun turo ƙwallo har saura yadi ɗaya mu shiga gidansu mu ci maki shida, da dama huɗu cur a hannunmu. Yadi ɗaya. Ni da nake ƙorafin tsakiya duk shekara, na haɗa hannu ina roƙon Allah ya sa Ostrander kada ya yi wayo yau, ya ba gajeren nan kawai. Har na hango garmar tagulla a kan teburi gefen fili, an goge ta tana ƙyalli. Emory ya fito ya miƙa hannuwa yana danna su ƙasa, a yi shiru. Aka yi shiru har ana jin tutar fili tana kaɗawa.

Lorene ta saki hannun mijinta don ta toshe bakinta. Kuskurenta ke nan.

Malafa ta tashi sama. Ɓangaren ɗalibai ya fashe da ƙararrawa, "Je-fa! Je-fa!" Wani ƙaton ɗan wasanmu a sahun gaba, da ya ji ƙara ya ɗauka muryar Emory ce, ya zabura shi kaɗai ya faɗa kan mutumin Dunmore. Ƙyallen rawaya ya tashi. Alƙali ya ɗauki ƙwallo ya taka baya yadi biyar.

Wata tsohuwa a gabanmu ta juyo. "Delbert, ka haukace ne?"

"Ki kwantar da hankalinki, Misis Gandy. Yanzu an sami filin jifa. Da can wurin ya yi matsi."

Lorene ta fizge malafar ta zauna a kai. Amma Wendell yana can ƙarshen sahu, ido a rufe, yana aikinsa. Ɗalibai suka ga mataimaki bai tsaya ba, suka ci gaba. Mutanen Dunmore da ke ɗaya gefen fili kuwa da farko sun yi zuru, ba su taɓa ganin gari yana yi wa kansa ihu ba. Da suka gane, sai suka miƙe gaba ɗaya suka kama waƙar, har da 'yan badujalarsu. Emory yana ihu a kunnen mutanensa, babu mai jin sa. Ƙato biyu suka motsa a tare. Wani ƙyallen ya tashi.

Yanzu saura yadi goma sha ɗaya, agogo ya kusa cinyewa, babu sauran zancen tsakiya. Koci Ostrander ya cire abin maganar da ke kansa, ya juyo a hankali ya ba fili baya, ya nemo sahu na uku da ido. Ya daɗe yana kallon Delbert. Sannan ya ɗaga hannu ya yi wa Emory alamar jifa, a fili, yadda kowa zai gani.

"Kun gani?" in ji Delbert. "Shekara nawa ina faɗa? Ya ji. Mutumin ya ji."

Emory ya ja da baya, ya saki ƙwallo. Gaskiya jifar ta yi kyau, ya tafi yana juyawa sumul. Delbert bai jira ya ga saukarsa ba. Ya juyo ya fuskance mu, ya haye kan kujerar babanmu, ya ware hannuwa. Shi ya sa bai ga abin da muka gani ba: wanda aka jefa wa bai ji kiran ba saboda ƙara, ya yi hagu, ƙwallo ya yi dama, ya sauka a ƙirjin wani dogon ɗan Dunmore kamar an aiko masa. Dogon ya runguma ya kama gudu, babu kowa a gabansa sai ciyawa.

Ihu ya tashi kamar rufi zai faɗo. Delbert ya ji ihu a bayansa, ya dafa ƙirji ya rusuna. Ya rusuna dama, ya rusuna hagu, takalmansa suna ƙwal, ƙwal. Mai ɗaukar hoton babban allon fili, Allah ya saka masa, ya raba allon biyu: rabi dogon Dunmore yana tsallaka layin ci, rabi mijin yayata yana aika wa jama'a sumba da hannu.

"Na gode, na gode," yake cewa. "Ba ni kaɗai ba ne, aikin kwamiti ne."

A hankali ya lura cewa duk fuskokin da ke gabansa babu mai dariya, ihun kuma daga can nesa yake zuwa. Ya ɗaga kai ya ga kansa a allo. Ya waiwaya ya ga 'yan Dunmore sun ɗaga garma sama suna zagaya fili da ita.

Na yi baƙin ciki ranar nan har cikin ƙashina, kada wani ya ce murna na yi. Garmar nan shekara uku muna jiran ta. Emory ya zauna a kan ciyawa ya rufe kai da hannu, yaron da bai yi laifin komai ba.

Mutane suka fara fita, kowa sai ya biyo ta sahu na uku ko da ba hanyarsa ba ce. Ledbetter mai gashi ya ce daga yau in Delbert yana son nama ya aiko, kada ya zo. Misis Gandy ta ce ta san uwarsa, mace mai hankali, ta gode Allah ba ta ga yau ba. Fasto ya dafa kafaɗarsa ya buɗe baki, ya rasa ayar da ta dace, ya wuce. Wendell ne kaɗai ya iso da fara'a, hannuwansa sun yi kanta, yana tambaya da nawa muka ci.

Sai ga wani mai jar riga ya ratso fili ya hauro, shugaban magoya bayan Dunmore, Mista Royce Tillery. Ya kama hannun Delbert da hannu biyu yana girgizawa.

"Yallaɓai, shekara talatin ina bin ƙungiyarmu, ban taɓa ganin wanda ya yi mana hidima irin taka ba. Baɗi a garinmu za a yi. Don Allah ka zo, ni zan aiko da mota."

Delbert ya gyara tsayuwa. "Ka ga wanda ya san ƙwallo," ya ce da Lorene.

"Amma a ɓangarenku za ka zauna fa," in ji Mista Tillery. "Nan ka fi amfani."

Da ya tafi, Delbert ya sauko daga kan kujera, ya share ta da hannun riga, ya zauna a hankali. Ya ce in aka duba da kyau, dabarar ba ta da aibu, mai karɓa ne bai iya gudu ba, kuma kowa ya shaida jifar kanta ta yi kyau.

Lorene ta buɗe jaka, ta ciro tikitin shekara, ta miƙo mini ta saman kansa. "Tashi, Del. Ka zauna wa Verna a kujera."

"Haba, Lorene. Shekara ashirin da shida fa."

"Na sani, ina wurin."

"To ni ina zan zauna?"

Ta nuna masa ƙofar fita da haɓa. "Ga mutanenka can, tambaye su."

Motocin Dunmore ne suke fita a jere, an zuge tagogi, kawuna a waje. Wani ya gano shi a sahu na uku ya nuna, nan take motar farko ta ɗauka, ta biyu ta karɓa: "Del-bert! Del-bert!" Tunda aka haife shi ba a taɓa kiran sunansa da baki ɗari ba. Ya tsaya da murƙushasshiyar malafa a hannu, ba shi da kujera, ba shi da mai yi masa magana a garinsu, yana kallon su. Ina ganinsa da idona, hannunsa ya fara tashi zai ɗaga musu, sai da Lorene ta buge shi.